Mika'ilu Ƙafa-Uku da Ɗorawar Inkil

A Ƙofar Dumi da wuya ka sami wanda zai ce maka ya taɓa ganin Mika'ilu ya shanye kofin shayi a zaune. A tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a kan benci, idonsa a sama yana duban yadda gari ya waye. In gajimare ya yi masa yadda yake so, sai ka ga kofin a ajiye da rabin shayi, ƙarar babur ɗinsa tana ficewa daga lungu. Mu da muke zama a dakalin masallaci mun daina tambayarsa ina za shi. Shi ma sau da yawa sai ya kai bakin titi yake yanke shawara.

Sana'arsa jan wayar wuta a gidaje. Ita ke ciyar da iyalinsa, kuma hannunsa yana da kyau, in ka yi sa'a ya gama maka aiki kafin wani dutse ya kira shi. Hoto kuwa bai taɓa mai da shi sana'a ba. Ba ya zuwa biki da kyamara, ba ya zuwa suna. In mata suka aiko ya zo ya ɗauki amarya, sai ya ce kyamararsa ba ta saba da mutane ba.

Yana saurayi abin ya kama shi. An kai shi Yelwa ya gyara wuta a shagon wani mai hoto, Baba Obadiya, mutumin Bogoro. Aikin yini guda ne, amma ya yi ta komawa yana cewa akwai wayar da bai yarda da ita ba. Tsohon ya lura ba waya yake kallo ba, sai ya ba shi aron wata tsohuwar kyamara mai fim, ya kuma ba shi magana ɗaya tare da ita.

"Ɗana, fim ba ruwan rijiya ba ne. Kada ka danna don ka ga ko zai yi kyau. Ka tsaya sai ka tabbata, sannan ka danna sau ɗaya."

Baba Obadiya ya rasu, shagon ya koma wurin sayar da katin waya, fim ma ya ɓace daga kasuwa. Maganar ce kawai ta zauna. Kyamarar da Mika'ilu ke riƙewa yanzu ta zamani ce, ta hannu, a wurin Nonso mai shagon kayan hoto ya saya a kasuwar Wunti. Katin da ke cikinta zai ɗauki hotuna dubbai. Duk lokacin da ya je sayen batir sai Nonso ya karɓe ta ya duba, ya girgiza kai.

"Oga Mika, shekara guda, hoto nawa ne nan? Yarinyata tana ɗaukar fiye da haka kafin ta karya kumallo. Danna, danna, wanda bai yi kyau ba ka share."

"In na san zan share, ba zan tsaya in duba ba."

"To ka sayar mini da katin, ka sayi ƙarami. Wannan zaman banza yake yi a wurinka."

Kayansa ba su da yawa. Jaka ce ta fata wadda ya shimfiɗa wa tsohon zanen matarsa a ciki, da gilashi biyu, gajere mai kwaso faɗin wuri da dogo mai jawo nesa, da batir na ajiya, da ƙyallen goge ƙura. Sai abin da ya ba shi laƙabi, wato ƙafa-ukun da yake ɗora kyamara a kai don kada hannu ya girgiza ta. Tsohuwa ce mai nauyi. Ya taɓa manta ta a cikin ciyawa a gefen dam ɗin Gubi, ya yi yini yana nema, shi ya sa ya shafa mata ragowar fenti ruwan ɗorawa. Yakan ɗaure ta a bayan babur. In zai hau babban titi kuma, yakan sa rigar nan mai walƙiya ta masu aikin gini, don direbobi su hango shi. Tef ɗin awonsa na aikin waya ba ya barin ƙugunsa.

Da waɗannan ya zaga. Ya hau duwatsun Dass da asuba, ya dawo da hoto guda, ƙaton dutse a kan ƙaramin dutse da hazon safiya a gindinsu. Ya kwana a gindin Zaranda yana jiran rana ta faɗo wa ƙauyen da ke ƙasa ta gefe. Ya je Yankari ya dawo hannu rabbana, wai giwar ta tsaya rana na bayanta, ta zama baƙin tudu kawai.

"Ai da ka ce mata ta juyo," in ji mai shayi.

Bai yi dariya ba. Yana can yana lissafin ranar komawa.

Yana da wata ɗabi'a kuma. In ya sami wurin tsayuwa da ya yi masa, amma haske bai yi ba, sai ya kafa ɗan turke a inda ƙafa-ukun ta tsaya, ya naɗe kansa da jan salatif na waya, don in ya dawo kada ya sake nema. Ina jin akwai irin turakun nan a kan rabin duwatsun ƙasar Bauchi.

Hotunan da ya yarda da su yakan kai a wanke masa, ya rataye a zaure. Kafin ya rataye kuwa, sai ya shiga ya nuna wa mahaifiyarsa, Inna Dudu. Ƙafafunta sun daɗe da ƙin ta, ko tsakar gida sai an ɗauko ta, idonta ma ya fara hazo, sai ta kawo abu dab da fuska take gani. Shi ne autanta, kuma ko da furfura ta fito masa a gemu, Auta take ce masa.

A bazarar da nake ba da labari, ya kawo mata wani sabon hoto daga wajen Toro. Ta duba, ta daɗe, ta miƙa masa.

"Ya yi kyau. Na su wa ne?"

"Na Allah ne, Inna. Dutse ne."

"Kowane dutse da masu shi. Kai da kake yawo kana kwaso duwatsun mutane, namu ne ba ka taɓa kawo mini ba."

A Inkil aka haife ta, tun wurin yana ƙauye sosai, ana cewa za a je Bauchi kamar za a yi tafiya. Ta kwatanta masa. Bayan gari ta gabas akwai falalen dutse mai ramukan niƙa, kusa da shi akwai ɗorawa babba. Da hantsi inuwar ɗorawar kan rufe dutsen gaba ɗaya, shi ya sa 'yan mata suke niƙa da safe. Rami na biyu daga bakin dutse nata ne, kowa ya sani.

"Likita ya ce idon nan ba jira zai yi ba," ta ce. "Ina so in ga ɗorawar kafin ya rufe. In tana nan."

Tana nan. Washegari ya same ta, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba, a bayan wasu sababbin gine-gine marasa rufi da ke gefen hanyar Gombe. Gari ya ci gonaki ta ko'ina, bulo a nan, yashi a can, amma wannan gonar guda ta tsira, da dutsenta da ɗorawarta, 'ya'ya na reto a rassanta. Ya ce mana da ya gan ta sai da ya kashe babur daga nesa.

Ya zaga ta gabas, ya zaga ta yamma. Ya taka ya ƙidaya, ya ja da baya, ya haɗa yatsu ya leƙa ta tsakaninsu. Ya kafa ƙafa-uku, ya sa gajeren gilashi, ya sunkuya. Komai ya shiga, dutse da bishiya da tudun da ke bayansu. Sama ce ta ɓata. Zafin bazara ya mai da ita fara fat, ganye ya yi toka-toka, hoton zai fito kamar an wanke shi da ruwan kanwa. Yatsansa na kan madanni, ya ɗage. Ya kafa turke, ya naɗa jan salatif, ya hau babur.

Akwai wani dattijo da ya tsaya a can bakin gona da fartanya a kafaɗa. Ya cire hula ya ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe." Mika'ilu ya ɗaga masa hannu, idonsa na kan sama.

Da yamma Inna ta tambaya.

"Auta, ka je?"

"Na je, Inna. Tana nan, ta cika da 'ya'ya."

"To ina take?"

"Hasken ne bai yi ba."

"Rana ce ba ta fito ba a can?"

Ya ce ta yi haƙuri, ruwan farko yake jira. In an yi ruwa sama za ta wanku, ganye zai yi duhu, dutse zai yi sheƙi. Matarsa ta ce ya ɗauko ko a waya ne mana, tsohuwa ta gani, daga baya ya yi na kirkin. Ya ce mahaifiyarsa ba za ta ga garinsu a hoton da shi kansa zai ji kunyar ratayewa ba.

Daga nan bai ƙara zama ba, ko da yake dama ba zama yake yi ba. Ya bar aikin wani gida a Yelwa da wayoyi a waje suna lilo. Ya koma Inkil da sassafe, ya koma da la'asar. Ya gwada dogon gilashi daga kan tudu, bai yi masa ba, ya kafa turke na biyu a can ko da zai sake shawara. Wata rana ya zaro tef ya auna daga turke zuwa bakin dutse, don yana so ramukan su fito sarai kuma bishiyar kada ta yi dishi-dishi. A masallaci in an idar da salla, kafin a shafa addu'a ka gan shi a ƙofa yana duban gabas. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa, iska ta kwashe shi ta yi wajen Darazo da shi.

"Ƙafa-Uku, ko kai ma shuka za ka yi?" muka tambaye shi.

"Ku dai ku yi addu'a."

Duk zuwan da ya yi, dattijon nan na bakin gona. Da farko shi kaɗai, daga baya da mutum biyu, daga baya kuma da wasu da ke tsaye nesa suna magana ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya matso. Mika'ilu kuma bai taɓa ajiye babur a ƙofar mai unguwa ba, bai nemi mai gonar ba. A kan duwatsun da ya saba hawa ba kowa sai birai, ba a yi musu sallama.

Amma a Inkil ƙafa-uku mai ruwan ɗorawa ba baƙuwa ba ce. Sun san ta. Sun ga masu awon fili sun zo da irinta, da riga mai walƙiya, da tef, da turaku masu jan kai. Ba sa gaisuwa sosai, ba sa bayani. Bayan sun tafi, wata takarda kan fito daga wani wuri, gona ta zama fuloti. Haka gonar kudu ta tafi, haka ta yamma. Mutumin ƙauye kuma ba ya tare mai irin wannan riga da tambaya.

Ruwan ya zo gab da asubar wata Laraba, mai ƙarfi, har lungunmu ya cika. Ana sallame salla Mika'ilu ya fita, taɓo na fallatsa a bayansa. Kwana biyu bai je ba, ya tsaya rufe wayoyin mutumin Yelwa da ya fara fushi.

Sama ta wanku kamar yadda ya ce. Shuɗiya ce har ƙasa, da 'yan gajimare farare a kan tudu. Ƙasa na ƙamshi. Tun daga kan titi ya ji kukan injin yankan katako, bai kawo komai a ransa ba, sai da ya sha kwanar ginin ƙarshe ya ga tudun gaba ɗaya, ba abin da ya tare shi.

Ɗorawar na kwance. Tun jiya aka kayar da ita, yanzu gunduwa-gunduwa ake yi, ana lodawa a motar a-kori-kura. Turkensa na nan a tsaye da jan salatif, ba wanda ya taɓa.

Dattijon ya taho, wannan karon har gabansa, hularsa a kai.

"Ranka ya daɗe, sunana Sabitu, ni ne mai gonar. Ƙasa in kun ce taku ce, ba ni da ƙarfin ja. Amma itacen nan ubana ya bar mini. Na ga yadda aka yi wa maƙwabcina, da mangwaronsa aka haɗa. Na kaɗe 'ya'yanta, na sayar da ita. Sai ku auna abin da ya rage."

"Wace ƙasa, Baba?"

"Wadda kake aunawa."

Mika'ilu ya dubi rigarsa. Ya dubi ƙafa-ukun da ke ɗaure a bayan babur. Ya buɗe jaka a hankali, ya fito da kyamara, ya kunna, ya nuna masa dutsen Toro a ɗan gilashin bayanta.

"Hoto nake ɗauka."

"Na gwamnati?"

"Nawa. Na mahaifiyata. Nan aka haife ta, ita ta ce in kawo mata ɗorawar."

Malam Sabitu ya daɗe yana kallon ɗan gilashin. Injin ya yi shiru, masu yanka sun tsaya shan ruwa.

"Wace ce?"

"Dudu. Ta gidan Jauro Buba."

"Dudu mai rami na biyu." Ya nemi gungume ya zauna. "Tare suke niƙa da yayata. Tana da rai?"

"Tana nan."

"To ka ɗauka dai? Duk zuwan nan da ka yi?"

Mika'ilu ya juya ya dubi turkensa mai jan salatif.

"Ɗan'uwa," in ji Malam Sabitu, yana duban gungumen da yake zaune a kai, "gidana ga shi can, mai ƙofar langa-langa. Da ka yi sallama sau ɗaya."

Bai kwance ƙafa-ukun ba. Ya je gindin kututturen ya tsaya, rana na bayansa, ya saita dutsen da hannu. Ruwan sama ya cika ramukan niƙa, kowanne da 'yar samarsa a ciki. Ya danna. Ya sake dannawa. Masu yankan itace sun ce ya yi ta dannawa kamar mai kiran waya ba a ɗauka.

A ranar ya kai aka wanke guda, babba, yadda idon Inna zai kama. Ya shiga da shi bayan la'asar. Matarsa ce ta ba matata labarin abin da ya biyo baya, tana bakin ƙofa.

Inna ta kawo hoton dab da fuska. Ta bi shi da yatsa daga gefe, ta tsaya.

"Ga nawa. Wannan na Yaya Hanne ne, mai faɗin. Nan Ta-Sallah ta zame ta fasa haƙori." Ta yi 'yar dariya. "Ya ƙanƙance, ko? Da ina ganinsa kamar fili."

"Haka yake, Inna."

"Ina ɗorawar?"

"Tana bayana. A ƙarƙashinta na tsaya."

"Da wane lokaci?"

"Da hantsi."

Ta mai da ido kan hoton. Dutsen duk rana ce a kansa, fes, daga wannan baki zuwa wancan. Inuwa ɗaya ce kawai ta ratsa shi, siririya, ta mutum da gwiwoyin hannunsa a ɗage. Yatsanta ya bi ta tun daga ƙasa har inda kan ya tsaya.

"Ga ka nan kuwa, har bakin ramina," ta ce.

Can ta miƙa masa.

"Kada ka kai wannan zaure. Rataye mini nan, inda haske ke shigowa."

Ya nemo ƙusa. Matarsa ta ce sau uku guduma na kuskure.

Inna Dudu ta ga damina, ta ga kaka. Idon ya riga ta tafiya da 'yan watanni, amma ba ta bari an cire hoton ba, kuma ba ta sake tambayar ɗorawar ba. Da ta rasu, Malam Sabitu ya zo gaisuwa da ƙunshin kalwa a hannu, suka zauna da Mika'ilu a zaure.

Yanzu hoton na zaure tare da na Dass da na Zaranda. Shi kaɗai ne mai mutum a ciki, in inuwa mutum ce. Ƙafa-ukun ta koma baƙa, fenti har hannu biyu. Nonso ya ce katin ya fara cika, har yana shirin sayar masa da wani. Na ji an ce in ya isa ƙauye yanzu, ƙofar mai unguwa yake fara nema, ko da haske na wucewa, yana gaisuwa yana satar kallon sama.

Shayi dai har yau a tsaye yake sha. Jiya ma ya bar rabi.